Daga Gonar Rake Zuwa Bakin Teku: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Taka Ruwan Ikko

Shirin namu na wannan mako yana zuwa ne daga nan Nasarawan Doya ta ƙaramar hukumar Maƙarfi. Ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba.

Yau bakin teku za mu je. Na san da yawanmu a TikTok kawai muke ganinsa, muna ɗauka sai ɗan gidan wane. To ai raken Maƙarfi da Kudan kullum yana hanyar Legas a bayan tirela, kuma garin da ake sauke shi a gaɓar Tekun Atlantika yake. Zuwa ba shi ne wahala ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne, teku ba rafi ba ne, kuma wanda ya iya iyo a kududdufin bayan gari ko a kogin Galma bai iya teku ba tukuna.

Mu fara da lokaci. Mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daminar Legas ta fi tamu tsawo, ruwa yana fara ƙarfi tun Afrilu, ya yi tsanani a Yuni, kuma a watannin damina tekun ya fi haushi. Sannan zafinsu ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu mai laima ne, kana zaune a inuwa zufa na tsiyaya. Ka ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, ka sha ruwa da yawa, kada ka manta gidan sauro.

Hanya kuwa, daga Zariya ko Kaduna ake samun manyan bas. Tafiyar yini guda ce cur, wani lokaci har da kwana. Shawarata a yi tafiyar rana, a hau mota a cikin tasha. Mai hali ya hau jirgin sama daga Kano ko Abuja, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. In ka isa ba za ka yi maraici ba: Agege, Idi-Araba, Obalende da kasuwar Mile 12 duk cike suke da 'yan uwa.

Wace gaɓa za ka je? Iyayenmu da suka yi zaman Ikko Bar Beach suka sani, amma yanzu babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Ga sabon shiga, Tarkwa Bay ta fi sauƙi. A kwale-kwale mai inji ake zuwa, kuma akwai dogon shingen duwatsu da ke karya ƙarfin igiyar ruwa. In babu rigar kariya daga nutsewa a jirgin, kada ka shiga, ko kyauta ne. Gaɓoɓin Lekki irin su Elegushi ana biyan kuɗin shiga, kuma ranakun Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da giya da cinkoso. Wanda zai je da iyali ya zaɓi safiyar ranar aiki.

To ga inda nake so a buɗe kunne sosai. Igiyar ruwa idan ta bugi gaɓa, dole ruwan ya koma inda ya fito. Wani lokaci sai ya haɗu a siririyar hanya ɗaya, ya riƙa gudu zuwa cikin teku kamar kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Abin da ke yaudarar mutane, wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Sai baƙo ya ce ga wuri mai lafiya, ya faɗa. Gudun ruwan nan yana iya fin na gwanin ninƙaya. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ka kwanta a kan ruwan, ka ɗaga hannu a gan ka, ko ka yi iyo gefe, ta tsawon gaɓar, har ka fita daga hanyarsa. In abokinka ne ya faɗa, kada ka bi shi. Ka yi ihu, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ka kira masunta ko masu ceto.

Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa gwiwa. Kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Babbar riga, jallabiya da dogon hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, don haka mai irin wannan shiga ya tsaya a kan rairayi. Jan ƙyalle a gaɓa yana nufin a fita daga ruwa. Kuma teku yana cika ya janye sau biyu a yini saboda jan wata, inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi ruwa na iya cinye shi da la'asar. A watan Agusta na 2012 ambaliyar teku ta afka wa gaɓar Kuramo a Legas, an yi asarar rayuka.

Batun ibada, malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai ba ya shayuwa, don kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Tekun yana kudu da Legas, alƙibla kuwa gabas maso arewa, to kada ka fuskanci ruwa ka ta da kabbara.

Za ka ga masu fararen riguna ba takalmi suna addu'a a bakin ruwa, mabiya wasu coci-coci ne. Za ka iya ganin masu addinin gargajiya na Yarabawa suna kai wa Olokun ko Yemoja hadaya. Ba naka ba ne, amma garinsu ne. Kada ka yi dariya, kada ka ɗauki bidiyonsu ba izini.

In ka samu kwana ɗaya na ƙari, ka je Badagry, kusa da iyakar Benin. Ta wannan gaɓa aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetare, kuma a tsibirin Gberefu akwai wurin da ake kira mashigar da ba a dawowa. Cikin bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma har da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a Bahia ta Brazil a 1807, kuma a 1835 bayi Musulmi suka sake tayarwa a birnin Salvador. Daga Badagry ɗin ne Bature Clapperton ya kamo hanya a 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a Sakkwato a 1827. Ka ga ashe tekun nan da tarihinmu a ciki.

Mai fasfo da katin rigakafin shawara yana iya tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano ba biza, albarkacin ECOWAS, sai dai ya canza kuɗinsa zuwa sefa. Can ma tekun ɗaya ne, dokar ɗaya ce.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana wace gaɓa ya je, kuma ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya Kudu, musamman ƙannenmu masu tafiya bautar ƙasa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.