Kafin Ka Sauya Wa Tsohuwar Akori-kura Inji

Wanda ya tsaya a bakin hanyar Daura zuwa Mai'aduwa ranar kasuwa zai ga motocin da suka girmi direbobinsu. Ga Peugeot 504 akori-kura ta ɗauko buhunan gero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ga tsohuwar Hilux da awaki a ciki da mutane a saman ƙarfe. Su ne ke shiga ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Jikinsu yana jure wahala, amma inji yana da ranarsa. In ranar ta zo, mai mota yakan kashe kuɗin da ya fi abin da ya taɓa kashe mata tun da ya saye ta, kuma sau da yawa cikin gaggawa yake yanke shawarar, don kowace ranar da motar ta kwana a gareji abincin gida ne ya ragu.

Da farko dai, ba duk injin da ya gaji ne ya mutu ba. Idan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yake fitarwa yana shan baƙin mai, mai yiwuwa rin ne suka cinye, a yi masa ringi ya tashi. Idan farin hayaƙi ne mai kauri, ruwan lagireta kuma yana raguwa, a duba gaskit da tof. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci mai ne ya yi yawa, aikin kafireta ne ko nozul. Injin da ya cancanci a sauke shi gaba ɗaya shi ne wanda bulok ɗinsa ya tsage, ko wanda ya yi nokin har aka yanke karanshaf sau da yawa babu sauran abin yanka. Bakanike mai tsoron Allah zai gaya maka wannan. Wanda yake hangen kamasho a wajen mai sayar da inji ba zai gaya maka ba.

To, in sauyin ya zama dole, shawarata guda ce: ka nemi irin injin da motar ta zo da shi, ko ɗan gidansu, wanda bakaniken unguwarku zai iya kwancewa ido rufe. Mutane suna ruɗuwa da ƙarfi. Sai ka ji ana cewa a ɗora mata sabon yayi mai injekta, ya fi gudu, ya fi tsimin mai. Gaskiya ne, injin 3RZ ko 2TR na Toyota, masu lita 2.7, sun fi tsohon 22R mai lita 2.4 ko 3Y mai lita 2.0 ƙarfi. Amma ba su zuwa su kaɗai. Suna zuwa da kwamfutarsu da tarin wayoyi da na'urorin da ke auna iska da zafi, kuma suna buƙatar famfon mai mai matsi. Waya ɗaya ta saki a cikin yashin Baure da tsakar rana, motar ta tsaya ke nan sai an nemo mai na'urar dubawa. Tsohon inji mai kafireta kuwa, sukudireba da sifana biyu sun isa su kai ka gida.

Haka zancen yake ga masu Peugeot. Tun 1975 kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, ya kuma daɗe yana fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin ta. Shi ya sa har yau babu garin da za ka je a Arewa ka rasa wanda ya san cikinta. Wannan sani dukiya ce, kuma mai mota yana zubar da ita ne ranar da ya ɗora mata baƙon inji.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu suka fara tunanin komawa injin gas, wato dizal, irin su 2L da 3L da 5L na Toyota. Injuna ne masu jan kaya, ba su shan mai sosai. Sai dai sauya mota daga fetur zuwa gas ba ɗauke wannan a ajiye wancan ba ne. Bakin giyabos ba lalle ya yi daidai ba, kujerun inji sai an yanka an walda, tanki da bututun mai sai an sake, batir sai babba, ga hita da wayoyinta, ga famfon iskar birki. Nauyin injin ma yana danne gaban mota. Kuma waɗannan injuna da bel suke tafiya a taimin, in ya tsinke kana tafiya fistan ya daki bawul, an koma gidan jiya. Ga tof ɗinsu ba ya yafe zafi, alhali a nan daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Ka lissafa duka kafin ka ce ka sami sauƙi.

Yawancin mutanenmu Kano suke nufa ta Kazaure, su sauka kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake jibge injunan da ake kira Beljiyam, ko da daga Japan ko Dubai aka kwaso su. Masu hali su aika har Ladipo a Legas. Na taɓa raka wani ɗan'uwana sayen inji, muka ga wani an wanke shi tas yana ƙyalli, mai shago yana ta rantsuwa jiya aka sauke shi daga kwantena. Ɗan'uwana har ya fara taɓa aljihu. Tsohon bakaniken da muka tafi da shi bai ce uffan ba. Ya tsuguna, ya shafa kawunan notocin tof da ɗan yatsa, ya nuna mana inda sifana ta gwaguye su. Ya kankare gefen sam da farce, sai ga jan gam irin wanda ake sayarwa a kowane shagon kayan gyara. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, wannan ɗan gida ne, wanka aka yi masa." Muka wuce. Wanda muka saya a ƙarshe baƙi ne ƙirin da tsohuwar ƙura, ba wanda zai kalle shi sau biyu.

Abin da na koya ranar ke nan. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa: in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. Ka sa a ciro fulogi duka a jera su, wanda ya jiƙe da mai ya tona asirin silindarsa. A sa sifana a juya karanshaf da hannu, ya kamata ya juya yana turjewa lokaci-lokaci, ba ya cije ba, ba kuma ya tafi sakwaf ba. In mai shago ya yarda a kwance sam, ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ƙasa. Sannan a tayar da shi a ƙasa da batir da gorar mai, amma ka fara ɗora hannu a jikinsa. In ka ji ɗumi, an riga an tayar kafin ka iso, kuma inji yana ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. Ka kuma tambaya daga wace mota aka ciro shi, don injin 3Y na bas ɗin Hiace da na Hilux suna ɗaya ne, amma sam da manifol sukan bambanta. Kada ka yar da tsohon injinka kafin a gama, za a ci moriyar kayan jikinsa.

Garanti a baki ba garanti ba ne. A rubuta kwanakin a rasit, tare da lambar injin, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka ɗora, ba ranar da aka biya ba. Mu da ke bakin iyaka, tsakanin Kwangwalam da shingayen kwastan da 'yan sanda, mun fi kowa sanin abin da ke faruwa in lambar da ke takarda ta saɓa wa wadda ke jikin ƙarfe. Ka je ofishin lasin a gyara takardun.

Wani abin takaici kuma, mutum ya sayi inji da kuɗin shanu biyu, ya haɗa shi da tsohuwar lagiretar da ta kashe na farko. A wanke ta ko a sake ta, a sa sabon famfon ruwa da tiyo da bel, a duba kulos tun da an riga an raba inji da giya. A daina cire tamostat ana yarwa, a daina ɗura ruwan rijiya tsura. Ƙurar hunturu kuma ba ta da tausayi, motar da ke yawo babu matatar iska yashi take sha, rin ɗinta ba za su kai baɗi ba.

In za ka tafi Kano, ka tafi da bakaniken da zai ɗora injin da hannunsa, ka biya shi ladan ranarsa daga aljihunka tun a Daura, don kada ya karɓa a wajen mai shago.