Yadda Duwatsu Da Layin Dogo Suka Gina Tashar Ikko

Har farkon ƙarni na 20, babban jirgin ruwan da ya taso daga Ingila ba ya iya shiga Legas. Yakan tsaya can cikin teku, a riƙa sauko da fasinjoji da kaya cikin ƙananan jirage, ko ya zarce tashar Forcados a juye kayan a can, sannan a komo da su. Wanda ke son gane yadda garin nan ya zama abin da ya zama, daga bakin ruwan ya kamata ya faro.

Tsohon garin yana kan tsibiri ne, teku a kudu, makeken tafki a bayansa. Kogin Ogun da wasu koguna suna zuba a tafkin, shi kuwa kafa ɗaya tak gare shi ta fita teku. A wannan gaɓar, igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas dare da rana. Da yashin ya iso bakin kafar sai ya taru ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, tudun kuma ba ya zama wuri ɗaya. Matuƙin da ya bi ta nan lafiya bara, bana sai ya kafe.

Ga mai kwale-kwale kuwa, tafkin nan babbar hanya ce. Ta cikinsa ana zuwa Badagiri da Porto-Novo a yamma, da Epe da ƙasar Ijebu a gabas, ba tare da an taɓa teku ba. Masuntan Awori ne suka fara zama, daga baya masarautar Bini ta shimfiɗa ikonta, aka san wurin da Eko, mu muka ce Ikko. Abin da ya fara kawo wa garin dukiya abin baƙin ciki ne, wato cinikin bayi, kuma Hausawa da yawa ta nan aka fitar da su. A 1851 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka naɗa Akitoye. A 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu garin ya koma hannun Turawa. Shekara biyu bayan haka John Glover ya kafa 'yar rundunarsa ta Hausawa, akasarinsu bayin da suka tsere, wadda sojojin Najeriya ke ƙirga asalinsu daga gare ta.

Maganin yashin shi ne dutse. Wajen 1908 aka fara gina dogayen ganuwoyi da suka miƙe daga bakin kafar zuwa cikin teku, ɗaya a yamma ɗaya a gabas. A jirgin ƙasa ake ɗauko duwatsun daga Aro, kusa da Abekuta, a zuba cikin ruwa. Aiki biyu ganuwoyin ke yi. Ta yamma tana tare yashin da ke tafe kafin ya kai bakin. Sannan matse ruwan tafki da aka yi a tsakaninsu yana ƙara masa ƙarfin gudu, sai ya riƙa share hanyarsa da kansa, jiragen yasa kuma su ƙarasa sauran. A watan Fabrairun 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko, wanda ƙafa 19 na jikinsa ke nitse cikin ruwa, ya shigo har cikin tasha. A shekarar ce aka haɗe Kudu da Arewa, Legas ta zama babban birni.

Sai dai yashin da aka tare a yamma, gabas aka hana shi. Shi ya sa teku ta yi shekara da shekaru tana cinye gaɓar Bar Beach, har ruwa na hawa titi a tsibirin Victoria. Ƙatuwar katangar da aka gina don unguwar Eko Atlantic bashin wancan aikin ake biya da ita.

Buɗe bakin teku rabin aiki ne, domin tasha kamar randa take: komai girman cikinta, gwargwadon bakinta ake ɗiba. Jirgi yana buƙatar abin da zai ɗauka in ya sauke, kayan da ya sauke kuma suna buƙatar hanyar fita. Layin dogo ne ya cike wannan gurbi. Ya kai Badun a 1901, kuma a 1912 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman ƙasar Kano suka auna riba suka zaɓi gyaɗa. Buhunan da aka jera dala-dala a Kano, tashar Apapa suke jira. Ita Apapa an zaɓe ta ne don tana ɓangaren tudu, inda taragu za su shiga har gefen jirgin ruwa ba sai an haye gada ba, kuma a 1926 aka kammala matsayan jirage huɗu na farko a can.

Inda kaya ke sauka, nan mutane ke taruwa. Ƙidayar 1866 ta samu mutum kimanin dubu 25 a garin. Ta 2006 ta ba jihar Legas miliyan 9 da ɗoriya, gwamnatin jihar ta ce sun haura miliyan 17. An mai da fadar gwamnati Abuja a Disambar 1991, amma tasha ba ta ƙaura, don haka bankuna da masana'antu ba su motsa ba. Halin Ikko ke nan: gari ne na baƙi, kowa sauri yake yi, kuma ba a cika tambayar mutum ɗan wane ne ba, sai dai me ya kawo. Fataken goro sun kafa zango a Agege tun zamanin kakanni. Je ka kasuwar Mile 12 da asuba, ka ga ana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga tirelolin da suka kwana a hanya, ciniki na tafiya da Hausa da Yarbanci a baki ɗaya.

Duk lokacin da ƙofar teku ta fi ta tudu faɗi, tashar shaƙewa take yi. A 1975 hukumomi suka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, jirage sama da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin wasu har ya daskare. Wannan ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Daga baya tsohon layin dogon ya lalace, nauyin duka ya koma kan tirela. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi tsanani, direba kan yi makonni a kan gada yana jiran lodi, tabarmarsa a ƙarƙashin mota, butarsa a gefen taya. Kuɗin wannan jiran ba direba ne ke biya ba a ƙarshe, mai sayen atamfa ne a Kantin Kwari.

An buɗe tashar Lekki a 2023, mai zurfin mita 16 da rabi, kusa da matatar man Ɗangote. Aiki ne mai kyau. Amma sabon layin dogon da aka buɗe a 2021 a Badun ya tsaya, alhali tashoshin tudu na Kaduna da Dala a Kano an gina su ne don ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa a gida. Maƙwabtanmu na Nijar ma, yawancin kayansu ta Kwatano da Lome suka saba bi. A ganina, ƙara zurfin ruwa a Lekki ba zai rage wa kowa farashi a Kano ko Maraɗi ba, sai ranar da kwantena za ta sauka daga jirgin ruwa ta hau tarago ta iso Arewa ba tare da ta taɓa kwalta ba. Wakilanmu a majalisa, wannan layin ya kamata ku bi sawunsa.