Jinin Kare a Ƙasar Ƙanƙara

A watan Janairun 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nom, wani gari da ke gaɓar tekun Alaska. Teku ya daskare, jirgin ruwa ba ya isa garin, jirgin sama kuma bai iya tashi ba. Karnuka kimanin 150 ne suka yi ta karɓeɓeniyar maganin, suna jan amalanke marar taya da ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, har tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi, a sanyin da ya zarce digiri 40 ƙasa da sifili. Irin waɗannan karnuka a waje suke kwana, amma zafin jikinsu na nan tsakanin digiri 38 da 39. Babban ɓangare na wannan al'ajabi a cikin jininsu yake.

Mai Rarraba Ɗumi

Duk wanda ya yi sammako da hunturu ya san yadda yatsu ke sandarewa. Dalili shi ne ƙananan jijiyoyin jini na fata suna tsukewa, domin a tsare ɗumi wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Haka abin yake ga kare, sai dai shi tafin ƙafarsa na kan ƙanƙara dare da rana. A shekarar 2011 Hiroyoshi Ninomiya da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa a tafin kare, jijiyar da ke kawo jini daga zuciya tana manne da waɗanda ke mayar da shi. Saboda haka jinin da ya yi sanyi a ƙafa yakan karɓi ɗumi daga mai saukowa kafin ya koma cikin jiki. Ta haka ƙafa ba ta daskarewa, jiki kuma ba ya asarar zafinsa.

Mai Dakon Makamashi

Ɗumi ba ya samuwa sai an ƙona abinci. Karen da ke tseren dogon zango, kamar gasar Iditarod da aka fara a 1973, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,600, yakan ƙona fiye da kalori 10,000 a yini. Wato kare mai nauyin kilo 25 yana ƙona kusan ninki huɗu na abin da magidanci ke bukata. Mafi yawan makamashin daga kitse yake fitowa, kuma jini ne ke kai shi ga tsoka tare da iskar oksijin. Bugu da ƙari, saifar kare rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini. Da zarar ya fara gudu sai ta matse, ta zuba su cikin jijiyoyi.

Abin da Awo Ya Nuna

A lafiyayyen kare, jajayen ƙwayoyi kan ɗauki kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jini. Mai karatu zai zaci a lokacin sanyi da aiki wannan kaso ƙaruwa zai yi, amma awon da aka yi wa karnukan tsere a Alaska ya nuna raguwa yake yi. Dalili na farko shi ne horo yana ƙara yawan ruwan jini, sai ƙwayoyin su tsarma a cikinsa. Wannan yana da amfani, domin sanyi na sa jini kauri kamar yadda yake sa manja barci, jini mai ruwa-ruwa kuwa ya fi sauƙin turawa ga zuciya. Dalili na biyu ba na alheri ba ne: da yawa daga cikin karnukan tsere na kamuwa da gyambon ciki, wanda ke tsiyayar da jini a ɓoye.

Haka nan gishirin sodiyam na jini yakan ragu a doguwar tafiya. Sinadarin tairoksin ma, wanda ke fitowa daga halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, yakan yi ƙasa da abin da aka saba gani a karen gida.

Sanyi ne ko Aiki?

A nan ne ɗalibin kimiyya zai yi hattara. A Girinlan, karnukan mafarauta kan wuni a ɗaure da rani ba aikin komai, da sanyi kuwa su yi ta jan kaya, abincinsu ma ya ƙaru. Ke nan abubuwa uku ne ke sauyawa lokaci guda: yanayi, aiki da abinci. Wanda duk ya ɗora sauyin jini a kan sanyi kaɗai ya yi gaggawa. Sai an kwatanta karen da ke kwana waje ba ya aiki da takwaransa na cikin ɗaki, suna cin abinci iri ɗaya, sannan za a san rabon sanyi.

Wannan ba gardamar masana kawai ba ce. Likitan dabbobin da ya auna jinin karen tsere da ma'aunin karen gida zai iya ɗora lafiyayye a kan magani, ko kuma ya ɗauki zubar jinin gyambo a matsayin sauyin da horo ke kawowa. Don haka kafin a fassara sakamakon awon jini, wajibi ne a tambayi lokacin da aka ɗebe shi, aikin da dabbar ke yi, da abin da take ci.