Darɓa da Kuturtar Gyaɗa

Darɓar da ke hawa gyaɗa da wake ƙwaro ce baƙa mai sheƙi, wadda tsawonta bai wuce milimita biyu ba, tana taruwa a kan toho da ƙarƙashin ganye, tana soka siririn bakinta cikin jijiyar tsiro tana tsotsar ruwansa. Abin da ya yi mata yawa takan fitar da shi a matsayin danƙo mai zaƙi, shi ya sa cinnaku suke kiwonta kamar yadda makiyayi yake tsaron shanunsa. A ƙasashe masu zafi macen ba ta buƙatar namiji, kuma ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa da ransu, waɗanda idan zafin iska yana kusa da digiri 25 sukan fara tasu haihuwar cikin mako guda ko makamancin haka, to a nan ne sarkin yawa yake fin sarkin ƙarfi. Idan wuri ya cika sai a haifi masu fukafukai, iska ta kwashe su zuwa wata gona.

Tsotson nata ba shi ne babbar ɓarna ba. Abin tsoro shi ne bairas, wato ƙwayar cuta da ba ta hayayyafa sai a cikin wani mai rai, wadda darɓa take ɗauka daga gyaɗa mai kuturta ta zuba wa lafiyayya, sai ganye ya murɗe, tsiro ya tsumbure, ya ƙi ƙwaya. Zafi yana taɓa ɓangarorin biyu, domin tsiro yana da hanyar gane bairas ya daddatse shi, kuma bincike a kan tsirrai da dama ya nuna cewa wannan kariya tana raunana a cikin sanyi, tana ƙarfafa da ɗumi, alhali ɗumin nan shi ne yake hanzarta haihuwar darɓa, har sai zafi ya tsananta sannan ta ragu.

Ɗan hakin da aka raina ya tsone idon Arewacin Najeriya a shekarar 1975, lokacin da kuturta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa, a ƙasar da aka san ta da dalar gyaɗa ta Kano. Gyaɗar da aka shuka a makare, ta fito tsilla-tsilla, ita darɓa ta fi sauka a kai tun tana ƙarama, don haka shuka da ruwan farko da cika gona ba ƙaramar dabara ba ce, musamman idan an haɗa da iri mai jurewa, irin SAMNUT 23 da SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar.