Yaron da ba ya iya cewa "nan ke ciwo"

Autana shekararsa huɗu da rabi, kuma har yau bai taɓa ce mini "Umma, nan ke ciwo" ba. Kalmomin bakinsa ba su kai goma ba. Yana da larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Bara da damina ya daina cin tuwo, ya koma marin kumatunsa, tsakar dare ya tashi da ihu. Kakarsa ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Na kai shi. Da aka yi sati biyu ba sauƙi, sai muka nufi asibiti.

Ƙarfe bakwai na safe muka yanki kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Za a ce ai kowa jira yake yi. Haka ne, amma da yawa daga cikin yara masu galahanga kunnensu ba ya tace ƙara kamar namu. Janareta na ruri a bayan taga, jarirai na tsala kuka, fanka na ƙugi, ga warin maganin goge ƙasa, duk a lokaci guda suke dira a kansa. Ya toshe kunnuwa, ya zube ƙasa yana birgima. Wata nas ta zo wucewa ta ce, "Hajiya, wannan ai sangarta ce, ki tsawata masa mana." Na haɗiye maganata don kada a mayar da katinmu ƙarshen layi.

Likitan bai samu ya taɓa shi ba ma. Ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro, muka tafi. Ciwo na nan.

Galahanga ba shafar aljanu ba ce, ba kuma sakacin uwa ba ne. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma gado yana da hannu sosai a ciki. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a jikin yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Ba a gano ta da gwajin jini, sai dai a lura: yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya wuni yana jera marafan kwalba kamar nawa. Masu ɗora laifin a kan rigakafi kuwa, binciken da ya haifar da wannan jita-jitar a Ingila a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagoranci binciken.

A komawarmu asibiti karo na uku Allah ya haɗa mu da wata matashiyar likita. Ta kashe fanka, ta miƙa wa yaron abin awon ƙirjinta ya yi ta juyawa, sannan ta dube ni ta ce, "Maman yaro, me ya canza a halinsa?" Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce ɓari ɗaya yake tauna abinci. Ta sa na kwantar da shi a cinyata, ta haska bakinsa da tocilan ɗin wayarta. Ashe haƙorin matauni ne ya yi kogo, dasashin ya kumbura. Wata guda yaron yana marin daidai wurin, mu muna cewa rigima ce.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamar su a duk inda ake bin layi. Ban taɓa ganin an yi mana haka ba. Malaman asibiti, don Allah in kun ga yaro ya toshe kunne yana birgima a baranda, ku shigar da shi da wuri, ku kuma tambayi uwarsa abin da ta gani a gida.