Masu Tsofaffin Akori-Kura a Bauchi da Wahalar Samun Amintaccen Makanike

A unguwar Ƙofar Dumi da sauran unguwannin cikin ganuwar Bauchi, akwai magidanta da dama waɗanda duk jarinsu bai wuce tsohuwar akori-kura guda ɗaya ba. Ita ce ke ɗauko hatsi da kayan miya daga ƙauyukan Dass da Liman Katagum zuwa kasuwar Muda Lawal, ita ce kuma ke kai bulo da siminti wuraren gini. Ranar da ta kwana a gareji, ranar babu kuɗin cefane. Saboda haka zaɓen makanike ga irin waɗannan mutane batu ne na kare jari.

Yawancin motocin nan sun daɗe da barin hannun dillalan kamfani. Wasunsu ƙirar Peugeot 504 ce, irin wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya riƙa harhaɗawa kafin ya daina yin ta a tsakiyar shekarun 2000. Wasu kuwa tsofaffin Toyota Hilux ne, masu kabureta ko masu shan man gas. Ita kanta Bauchi ta taɓa zama garin harhaɗa motoci, domin a nan ne aka kafa kamfanin Steyr a shekarun 1970 tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Ostiriya. Tun daga lokacin da shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, kasuwa ta koma ga 'yan kwatano da kayan gyara 'yan Beljiyam, aikin gyara kuma ya koma hannun makanikai masu zaman kansu.

Masana tattalin arziki sun daɗe da nazarin tushen matsalar. A 1970 wani masani Ba'amurke, George Akerlof, ya nuna yadda kasuwar tsofaffin motoci ke lalacewa idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin hajar. Gyaran mota ya ma fi haka tsanani. Wanda ya sayi buhun masara yana iya zuba hannu ya duba ƙwayar. Amma wanda aka ce masa gaskit ɗin injinsa ya ƙone ba shi da hanyar tantancewa, kuma ko bayan motar ta tashi ba zai san ko kwance injin ya zama dole ba, ko kuwa wanke lagireto kaɗai ya isa. Wanda ya gano cutar shi ne mai sayar da maganin, shi ne kuma mai yanke farashi.

Tsadar rayuwa ta ƙara faɗaɗa wannan ɓaraka. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta haura 1,000 a 2024. Dala da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta zarce 1,500 a farkon 2024. Tun da yake kusan duk kayan gyara daga waje ake shigowa da su, kuɗin kaya ya kere ladan aiki nesa ba kusa ba. A nan ne galibi ha'inci ke shiga: a karɓi kuɗin na asali a saka jabu, ko a wanke tsohon a mayar da shi a ce sabo ne.

To ina mafita? Abu na farko shi ne a san wanda za a tambaya. Shaidar maƙwabci mai ƙaramar motar shiga ofis ba ta da wani nauyi. Shaidar da ta fi ita ce ta direbobin da ke lodi a tasha da irin motarka, domin su ne ke ɗora mata kaya a hanyar burji, su ne kuma suka san garejin da aikinsa ke kai watanni bai dawo ba. Makaniken da ya ƙware a Peugeot ba lalle ne ya iya famfon mai na Hilux mai gas ba, kuma wanda ya ce shi ne makanike, shi ne rewaya, shi ne fanel-bita, abin a yi taka-tsantsan da shi ne. Na kirki yakan ce wannan ba aikina ba ne, ya tura ka wurin wanda ya iya.

Daga nan sai gwaji da ƙaramin aiki, kamar juyen baƙin mai ko gyaran birki, kafin a miƙa masa injin ko akwatin giya. Mai mota ya tsaya a yi a gabansa. Idan aikin babba ne, a raba ladan aiki da kuɗin kaya tun da farko, a rubuta a takarda, a je shago tare, kuma duk abin da aka cire a dawo wa mai shi da kayansa. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi ya riga ya ba da amsa. Ga kaya masu tsada, yana da kyau a ji farashin Ƙofar Ruwa ta Kano kafin a biya.

Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da katin ƙungiyar makanikai ta ƙasa, wato NATA, ba su tabbatar da gaskiyar mutum. Amfaninsu shi ne akwai wurin kai ƙara. Makaniken da ke da tsayayyen gareji da yaran koyon aiki da shugabannin ƙungiya a kansa yana da sunan da yake tsoron ɓatawa, saɓanin wanda ke yawo da jakar sifana.

A yi adalci kuma, su ma masu motocin suna da nasu laifin. Da yawa ba sa zuwa sai motar ta tsaya cik, sai su nace a saka mafi araha, a ƙarshe su tafi da bashin ladan aiki. Makaniken da ya saba ba a biyansa shi ne ke koyon cire haƙƙinsa daga kuɗin kaya. Masu akori-kurar da suka fi jimawa suna mora galibi su ne masu biyan lada a kan kari, masu riƙe ɗan littafin da ke nuna ranar da aka canza kowane abu da kuɗinsa, domin ko da sun sauya gareji, sabon makanike ya san inda na baya ya tsaya.