Barcin Gaiwa da Barcin Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a garin da ke da fadama ya san gaiwa, kifin nan da ba ya mutuwa idan tafki ya ƙafe. Da zarar ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofa da iska za ta riƙa shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya ragu, ta daina cin abinci, ta zauna haka wata da watanni tana rayuwa da abin da ta tara a jikinta, har damina ta dawo. A ilimin halittu wannan dabara ce ta tsimin makamashi: idan babu aikin yi, jiki ya rage abin da yake ƙonawa.

Na kawo zancen gaiwa ne domin kwamfuta ma an yi mata irin wannan dabara, sai dai mu masu amfani da ita ba mu cika barinta ta yi ba. A makarantu da ofisoshi da yawa akan tashi a bar na'urori a kunne, allo yana walƙiya, fanka tana juyawa, babu kowa a ɗakin.

Bari mu yi lissafi. Ana auna ƙarfin wutar da na'ura take ja da ma'aunin wat. Idan na'ura mai wat 1,000 ta yi awa ɗaya tana aiki, ta sha abin da mita take ƙirgawa yunit ɗaya. To, a ce kwamfutar tebur da allonta suna jan wat 100, wanda ba abin mamaki ba ne ga tsofaffin na'urori. Idan aka bar ta daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe, awa 14 ke nan, ta sha yunit 1.4. Ɗakin da ke da kwamfuta 30 ya sha yunit 42 a dare guda, a kwana 30 kuwa 1,260. Ɗalibi ya tambayi kuɗin yunit a garinsu ya ninka da kansa. Inda janareto ne ke ba da wutar, wannan dizal ne aka ƙona.

Akwai kuma zafi. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa. Jikin mutum baligi da ke zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, saboda haka kwamfuta 30 a kunne tamkar mutum 30 ne suka kwana a ɗakin, kuma na'urar sanyaya ɗaki sai ta sha tata wutar kafin ta fitar da wannan zafi. Abin sha'awa, ƙwaƙwalwar ɗan Adam, duk da aikin da take yi, wat 20 kacal take buƙata.

Kwamfuta tana da hutu iri biyu ban da kashewa. Na farko shi ne barci: allo ya mutu, fanka ta tsaya, amma ana barin 'yar wuta, wat kaɗan, tana riƙe da aikin da ke cikin ma'ajiyar wucin gadi, kamar yadda zuciyar mai barci ba ta tsayawa. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur a wannan hali, aikin da ba a adana ba yana iya salwanta. Na biyu shi ne dogon barci, wanda ya fi kama da na gaiwa: na'urar ta kwafe duk abin da ake yi zuwa babban faifanta, sannan ta mutu. Idan aka kunna ta, sai ta ci gaba daga inda aka tsaya. Tsarin sa kwamfuta ta rage shan wuta da kanta ya bazu ne bayan shekarar 1992, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da shirin Energy Star.

Mutane da yawa sun ɗauka hotunan nan masu yawo a kan allo alamar hutu ce. Ba haka ba ne. An ƙirƙiro su ne don kada hoto guda ya daɗe ya bar tabo a tsofaffin alluna masu ƙaton baya, kuma na'urar tana nan tana shan wutarta. Haka nan masu cewa kunna kwamfuta ya fi barinta a kunne cin wuta sun yi kuskure, domin ƙarin wutar da take ja yayin tashi ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

A ganina, idan mutum zai fita na rabin awa, barci ya wadatar. Idan an tashi daga aiki, a kashe ta a kuma kashe soket ɗin bango, musamman a wurinmu inda wuta kan dawo da ƙarfin da zai iya ƙona na'ura. Sai dai a kula da kwamfutocin da ke riƙe da bayanan makaranta ko suke lura da wani gwaji cikin dare; waɗannan a tambayi mai kula da ɗakin kafin a taɓa su.